A Bar Wa Fure Taku Huɗu

Muna roƙo ku ba mu aron hankalinku kan wata 'yar magana wadda mun sani, tun ba mu buɗe baki ba, waɗansu za su ce ba ta isa a ɓata mata takarda ba. Maganar kuwa ita ce ta shuka fure a gida, daga iri, don in ya buɗe a yanka a kai ɗaki.

Mu 'yan ƙasar Funtuwa da Malumfashi ne. Da za a tashi hutun damina bara, mu biyar muka yi shawara kowa in ya je gida ya nemi ɗan wuri bayan ɗaki ya gwada. Ran nan ɗayanmu yana duƙe yana gyara nasa wurin, sai kakansa ya zo ya tsaya bisa kansa, ya dogara sanda, ya yi ta kallo. Can ya ce, "Kai, wannan me a ke ci a jikinsa, ganye ko 'ya'ya?"

Saurayi ya ce, "Ba a cin kome, Kaka, kallo a ke yi."

Tsoho ya ce, "To, ashe abin da a ke koya muku ke nan. Aikin baban giwa!" Ya ja sandarsa ya wuce.

Ba mu ga laifin tsohon nan ba, don tambayarsa tana da tushe. Ƙasarmu ƙasar noma ce ta gaske. Ruwa ya kan kai inci 40 ko kusa da haka a shekara, ƙasar kuwa mai riƙe danshi ce, shi ya sa dawa da masara da auduga su ke yi nan fiye da yadda su ke yi can arewacin Katsina inda rairayi ya fi yawa. Auduga ce ma ta tsai da Funtuwa da ƙafafunta. Ƙungiyar nan ta Turawan Ingila da a ke kira B.C.G.A., wadda aka kafa a Manchesta cikin 1902, ta gina injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa kuwa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama cikin 1929, ta ratsa ta Funtuwa tana kwasar dilolin. Mutumin da ya tashi cikin wannan hali, kowane tsiro ya gani sai ya auna shi da rumbu ko da sikeli. Fure a wurinsa alkawari ne kurum. Furen auduga ya kan buɗe da safe fari-fari, gobe ya koma ja-ja, jibi ya faɗi, manomi kuwa ba ya kukan faɗuwarsa, don ya san ƙwallo na tafe.

Har wani Baturen Ingila masanin al'adu, Jack Goody, wanda ya yi zama a arewacin Gana, ya fitar da littafi cikin 1993 kan al'adar fure a duniya, ya kuwa buɗe shi da tambayar ko mutanen Afirka ba su da ruwa da fure ne. Abin da ya gani shi ne, a Sin da Indiya da Farisa da ƙasashen Turai a kan noma fure don kansa, a yi kyauta da shi, a yi masa waƙa, amma a yawancin ƙasashen baƙar fata ba haka ba ne. Akwai gaskiya cikin zancensa, sai dai da ya zauna kasuwar Malumfashi zamanin kakanninmu, da ya ƙara wani abu. In tsofaffinmu mata suka ce "fure" kurum, ba su ƙara kome ba, furen taba su ke nufi. A kan tsinko shi ɗanye, 'yan mata su zuba a faifai su kai talla, mata su saya su goga wa haƙora tare da goro har su yi jawur. Ba yabon taba mu ke yi ba, ko kusa. Abin da mu ke nunawa shi ne, Bahaushe ya yi cinikin fure don ado tsantsa tun ba a haifi kakan abokinmu ba, ba a kuwa ce da masu yinsa aikin banza su ke yi ba. Ga lalle kuma, wanda a kan bari bayan ɗaki don ganyensa, amma wace mace ce ba ta san ƙamshin furensa da maraice ba? Ga zoɓorodo, wanda a ke tarawa a kasuwar Dawanau ta Kano a cika manyan motoci, a kai shi ƙetare, da yawa zuwa Meksiko. Ko da ya ke shi wannan, in za a bi diddigi, ba furen kansa a ke sha ba, kwanson da ke riƙe da shi ne ya ke yin kauri ya yi ja bayan furen ya faɗi.

In kuwa kuna son shaida ta kusa, ku leƙa ɗakin amarya. Langa da kumbo da aka jera a bango duk zanen fure ne a jikinsu, atamfar da ta ɗaura fure ce, ƙunshin hannunta yanzu zanen fure ne. A falon mai gida kuma ga na roba nan a kusurwa, an sayo shi da tsada, ya sha ƙurar hunturu uku har ba a gane launinsa. 'Yan birni ma sun raɗa masa suna fulawa, sunansa ɗaya da garin burodi. Ashe ba ƙin fure mu ke yi ba. Mun yarda mu saye shi a jikin kwano da zane da roba, wanda wani ya zana a wata ƙasa, amma mun ƙi mu duƙa mu shuka mai rai, alhali kuwa mu ne manoman.

To, ra'ayinmu shi ne kowane gida da ke da ɗan fili ya bar wa fure taku 4, a kuma shuka shi daga iri, kada a sayo shi tsayayye cikin leda daga masu lambun bakin titi. Kyau kansa dalili ne, tun da Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka, amma ba a kansa za mu tsaya ba. Babban dalilinmu shi ne iri.

Ku duba yadda iri ya ke ta zamewa daga hannunmu. Audugar nan ta Amurka mai suna Allen, wadda aka shigo da ita Arewa wajen 1912, ita da 'ya'yanta ne suka maye gurbin tamu ta gargajiya. Cikin shekarun 1920 aka kafa gonar iri a Daudawa, nan ƙasarmu, inda a ke yawaita iri mai kyau, sa'an nan a raba wa manoma angurya daga injin gurza kowace shekara. An yi haka ne don kada iri ya gauraya ya lalace, dabara ce kuwa mai kyau, amma sakamakonta shi ne manomin auduga ya saba a miƙo masa iri. Cikin 1975 aka fara babban aikin gona na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, ya zo da takin zamani da sabon irin masara, har masara ta zama sarauniyar gonakinmu. Daga baya kuma aka sami masara mai aure, wadda ta ke ba da amfani ƙwarai, sai dai in ka ajiye 'ya'yanta ka shuka baɗi ba za su yi kamar uwarsu ba, tilas ka koma kanti. Ba muna sukar iri na zamani ba ne, shi ya cika rumbuna da yawa. Amma a yau in ban da tsofaffi da ke shiga gonar dawa kafin girbi su zaɓi manyan zangarniya su rataye daban, samari nawa ne cikinmu suka taɓa zaɓen iri da idonsu, suka adana, suka shuka, suka ga abin da ya fito? Wanda bai taɓa yi ba, ko ya yi digiri kan aikin gona, in ya je sayen iri sai abin da mai kanti ya ce masa.

Ba za a ba yaro gonar dawa ya koyi wannan a kanta ba, don in ya yi kuskure gida ne zai kwana da yunwa. Amma taku 4 na fure, in ya ɓata, me aka rasa? Ga shi kuwa cikin wata 4 abin ya kan zagayo daga iri zuwa iri, bambancin da ke tsakanin tsiro da tsiro kuma a fili ya ke, ja ne ko ruwan ɗorawa, dogo ne ko gajere, mai cika ne ko mai falle ɗaya. Ko yaro ɗan shekara 7 ya iya nuna wanda ya fi.

Mun sani wani zai ce, ana ta kai wa ke ta kaya? An yi shekaru, musamman daga 2019, da manoma da yawa wajen Faskari da Sabuwa da Dandume suka kasa zuwa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga, waɗansu ma suka baro ƙauyukansu suka tare a Funtuwa. Wannan ba abin da za a rufe da fure ba ne, ba mu kuwa ce haka ba. Sai dai ku tuna akwai ƙannenmu da suka tashi cikin shekarun nan ba su bi uba gona ba ko sau ɗaya, 'ya'yan manoma da ba su san ranar da iri ke fasa ƙasa ba. Akwai kuma iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata waɗanda da ma duniyarsu ta cikin katanga ce. Gonar da ke bayan ɗaki ba mai tare maka hanyarta. A sa yakuwa da alayyafo da barkono, lalle, su ne kan gaba, amma a bar wa fure gefensa, don shi ne zai sa yaro ya riƙa tashi da asuba ya ruga ya ga ko ya buɗe.

Yanzu bari mu faɗi yadda muka yi, da inda muka yi tuntuɓe.

Furannin da suka karɓe mu su ne waɗanda ba su da tsiwa. Akwai ziniya, da kosmos, da marigol mai ruwan ɗorawa da warin ganye. Abin mamaki, su ukun nan asalinsu Meksiko ne, watau ƙasar da mu ke aika wa zoɓorodo, kun ga an yi ban gishiri in ba ka manda. Akwai fure mai bin rana, ɗan asalin Amurka ta Arewa. Akwai gomfarina, wadda mu dai muka raɗa wa suna maɓalli don ƙanƙantar kanta da zagayensa, ita kuwa ko ta bushe ba ta sakin launinta. Sa'an nan ga wadda ba baƙuwa ba ce ko kaɗan, farar alayyafo, wadda a ke miya da ita, mai fitar da fure kamar gashin tsuntsu, tana kuma da 'yar'uwa mai jan kai kamar zankon zakara. Muka haɗa da ɗoɗɗoya don ganyenta da ƙamshinta. Irin da muka fara da shi, rabi roƙo muka yi wurin masu gadin makarantu da asibitoci inda busassun kawuna ke zuba ƙasa a banza.

A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla sa'a 6. Ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ba ya yi, tsiro sai ya yi ta miƙewa siriri yana neman haske, ba fure. Faɗin wurin kada ya wuce kamu 2, don hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. Da damina a ɗaga ƙasar ta yi tudu kamar kunya mai faɗi, don ruwan Agusta in ya kwanta saiwa ruɓewa ta ke yi. Taki kuwa na dabbobi wanda ya riga ya ruɓe sarai, kwando 2 ya isa. Ɗayanmu ya ɗebi takin buhu na mahaifinsa ya zuba da hannu sake, tsammaninsa alheri ya yi, sai ya sami ganye kore shar har ƙugu, fure kuwa sai can ba a rasa ba.

Kada a yi gaggawar bin ruwan farko. Kowane manomi nan ya san ruwan Mayu mayaudari ne, ya kan sauko sau ɗaya ya ɗauke kwana 10 ko fi. A bari damina ta zauna cikin Yuni. Mu sai farkon Yuli muka shuka, bai kuwa yi latti ba. Ƙa'idar zurfi ita ce a rufe ƙwaya da ƙasa kamar ninkin kaurinta biyu. Ziniya da marigol da kosmos, rabin gaɓar yatsa ya ishe su. Irin farar alayyafo kuwa ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu ƙyalli, sai a cuɗa su da yashi a yafa a sama, a danna da tafin hannu. Nan ne muka sha kashi na farko. Daren da muka yi shuka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da gari ya waye duk ƙananan irin sun bi rariya. Da muka sake, sai wata gwaggonmu ta ce, "Ku 'yan boko, ba ku taɓa ganin yadda a ke renon tattasai ba? Ku rufa masa ciyawa mana." Muka shimfiɗa busasshiyar ciyawa sama-sama, da tsiro ya leƙo muka janye. Ziniya cikin kwana 5 ta fito.

Abu biyu ne masu wuya ga mai koyo, su biyun kuwa wuyarsu a zuciya ta ke. Na fari shi ne ragewa. Tsiro ya fito cunkus, kowanne kore, hannu ba ya son cire ko ɗaya, amma tilas a bar taƙi guda tsakanin wannan da wancan, mai bin rana kuwa taƙi 2. Waɗanda aka cire a iya dasa su da yamma a wani wuri, ko a ba maƙwabta. Na biyu shi ne, in ziniya ko kosmos ko marigol suka kai tsawon taƙi ɗaya da rabi, a sa farce a tsinke kan tsiron. Kakan abokinmu da ya ga haka cewa ya yi, "Yau kuma hauka ya kai ga fille kai?" Amma tsiron da aka tsinke wa kai ya kan fitar da rassa huɗu ko biyar masu tsawo, kowanne da furensa, wanda aka ƙyale kuwa ya ba da babba ɗaya sa'an nan gajeru. Mai bin rana irin mai kai ɗaya shi kaɗai ne ba a taɓa shi, in ka tsinke shi ka gama da shi.

Wajen kwana 60 bayan shuka aka fara yanka. A yi shi da sassafe kafin rana ta yi zafi, da wuƙa mai kaifi, da bokitin ruwa a gefe, ana yanka ana tsomawa. A yanke da tsawo, can ƙasa kusa da inda wasu ganye biyu suka fito, don daga nan sababbin rassa za su taso. A zage ganyen da zai nutse cikin ruwa, don shi ke sa ruwa wari. Ziniya sai ta buɗe sarai, in ka kama karanta ka girgiza ka ga wuyanta na lanƙwasa, bar ta sai jibi. Kosmos kuwa tun yana fara buɗe baki a ke yanka shi. Ga abin da ya bambanta wannan noma da sauran: yawan yanka ke sa yawan fure, don tsiro burinsa ya yi 'ya'ya, muddin ka hana shi zai yi ta sake ƙoƙari. Wanda ya ji tausayi ya bar su suka tsufa a kai, nasa wurin ya riga na kowa mutuwa. In an ƙara sabuwar shuka bayan kowane mako 3 har tsakiyar Agusta, ba za a rasa abin yanka ba sai ruwa ya ɗauke cikin Oktoba. Ba a bukatar wani kasko na musamman, kwalba ko ɗan tulu ya isa, ziniya ta kan yi mako guda a ciki.

Masu cewa fure na kawo sauro da maciji, ba mu ce ƙarya su ke yi ɗungum ba. Sauro ba a jikin fure ya ke haihuwa ba, a ruwa ne mai kwanciya, daga ƙwai zuwa mai cizo kuwa kamar mako ɗaya ne ko ɗan fi. Saboda haka ruwan kwalba a zubar da shi kullum, a ɗauraye, a sake sabo. Da ma furen ya fi daɗewa in an yi haka. Maciji kuwa duhuwa ya ke so, wuri mai faɗin kamu 2 da a ke nomewa a ke kewaya shi kullum safiya ba mazauninsa ba ne. Maƙiyan gaske su ne akuya da kaza. Ba a fafe gora ranar tafiya, a kafa darni na kara tun kafin a zuba iri. Ɗayanmu ya ce sai tsiro ya fito zai yi, ya fita sallar la'asar ya komo ya tarad da kaji sun yi wanka a wurin.

Batun ruwa kuma, da damina ba ka bin kowa bashi. Wanda ya so ya yi na rani, lokacin sanyi daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya kan karɓi furannin nan ƙwarai, sai a yi musu fangali irin na masu lambu don ya riƙe ruwa, bokiti 1 ko 2 a yini ya ishi taku 4, ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi duk suna yi. Amma in gidanku sayen ruwa a ke yi wurin 'yan garuwa, ko ƙanwarka ce ke tafiya nesa ta ɗauko a kai, to, haƙura sai damina. Furen da za a shayar da wuyan yarinya ba mu goyi bayansa ba.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya yi mafarkin dukiya. Gaskiya ne Kenya na samun kuɗi masu yawa da fure, ana yanka wardi a bakin tafkin Naibasha, ya kwana cikin jirgin sama, gobe a yi gwanjonsa a Alsmiya kusa da Amstadam ta ƙasar Holan. Amma Naibasha tudu ne mai sanyi, ya ɗara ƙafa 6,000 bisa teku, Funtuwa kuwa ba ta kai rabin haka ba, ga shi kuma sana'ar tana bukatar ɗakunan sanyi tun daga gona har kasuwa. A ƙasar nan Jos ce ke da irin wannan iska. Mu abin da za mu iya shi ne na gida: a kai wa mara lafiya, a ƙawata wurin walima ko ranar rabon kyauta a makaranta maimakon na roba. In wata ta sami masu saye cikin masu ado na biki, madalla, amma ba da wannan muka zo ba. Ribar da muka tabbatar da idonmu ita ce ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da suka cika wurin tun hantsi. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar auduga, don wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga cikin 2017, ya nuna auduga da riɗi sun fi ba da amfani inda ƙudan zuma ke ziyartar furensu. Marigol kuma an san saiwarsa na rage 'yar tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli, in an shuka shi da yawa a wurin kafin a sa tumatir.

Sai gargaɗi, don ba kowane mai kyau ne a ke kai wa gida ba. Ba furen da ya fi na ƙuduji kyau a gonar dawa cikin Satumba, ba kuwa wanda ya fi shi mugunta. Tushe ɗaya ya kan zubar da ƙwaya dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, su yi shekara 10 ko fi cikin ƙasa suna jiran saiwar dawa ko masara. Kada yaro ya tsinko shi ya kawo gida don ado, a tuge shi a ƙone. Zaƙami ma furensa fari ne kamar kakaki, amma kun san abin da ya ke yi wa hankalin samari, kada a ba shi wuri. Kariya tana da guba, a nisanta ta da yara da dabbobi. Baƙon tsiro kuma da ba a san halinsa ba, a sa masa ido kada ya tsallake darni. Wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar Amurka ta Kudu, don kyanta mutane suka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa, ga shi tun da ta bayyana a ruwan Ikko cikin 1984 ta ke toshe wa masu jirgi da masunta hanya.

Mu komo kan iri, inda muka faro. Tun fure na kan ganiyarsa a zagaya a zaɓi tushe 3 ko 4 da suka fi lafiya da tsawon kara da launin da a ke so, a ɗaura musu zare, a daina yanka su. Wanda ya fi kyau shi a ke bari, ba ragowar da aka rasa yadda za a yi da ita ba. In kan ya bushe ya yi ruwan ƙasa, wajen Oktoba, a cire da rana tsaka lokacin da ba raɓa, a ƙara shanyawa a inuwa mako guda, a murje a sheƙe. Irin ziniya kamar kan kibiya ya ke, na marigol siriri baƙi mai farin gindi, na kosmos kamar ɗan lauje. In takardar irin da ka saya an rubuta F1 a jikinta, to, mai aure ne, 'ya'yansa za su fito iri-iri kamar na masarar nan. Shuka su duk da haka, ka gani da idonka abin da malamin aikin gona ke zana maka a allo. Ko wanda ba mai aure ba ma, ƙudan zuma kan ɗauki garin wannan ya kai wa wancan, ka ajiye ja baɗi ka ga ruwan hoda a ciki. Wanda ya dage yana zaɓe shekara 3 ko 4 zai sami irin da ya saba da ƙasar gidansu da ruwan garinsu, ba kuwa a sayar da shi a kanti.

Don haka muna roƙon malamanmu su ba mu wani lungu cikin gonar makaranta, da akwati guda a ɗakin karatu. Kowa in ya komo hutu ya zo da irinsa ƙunshe a takarda, ya rubuta sunan furen da garin da shekarar, na Bakori ya musanya da na Ƙafur, na Ɗanja da na Ƙanƙara. Waɗanda za su fita koyarwa kuma su tafi da ƙunshi ɗaya-ɗaya zuwa makarantun da aka tura su.

Kakan abokinmu dai har yanzu bai ce fure na da amfani ba. Amma ran da jikansa ya gama murje iri, ya ƙulle cikin leda zai jefa a akwati, sai tsoho ya buga sanda ƙasa ya ce, "Kai, wa ya ce maka a na sa iri a leda? Gumi zai yi ya ruɓe. Je ka ɗauko mini ɗan goran nan da ke rataye a zaure, ka biya madafa ka ce a ba ka toka mai sanyi." Ya zauna ya cuɗa irin da toka da hannunsa, ya ɗura, ya toshe bakin da tsumma, ya ce a rataye kusa da zangarniyar dawarsa.